Askin da Ba a Ƙarasa Ba

Maigidana ya rasu wata Alhamis da hantsi a kicin ɗinmu na Plumstead, nan ƙasar Turawa, ana cikin yi masa aski. An gama gefen dama, ba a taɓa na hagu ba. Ni a lokacin ina kasuwar Woolwich ina zaɓar kuɓewa.

Ni na sa ake askin a kicin. Gashi in ya shiga kafet ba ya fita, don haka tun da muka tare a flat ɗin, ɓangarenmu na gidan bene, na hana a yi a falo. Duk bayan mako biyu sai a ja kujera ɗaya zuwa gaban taga, a ɗaura masa tsohon zanena a wuya, su yi ta musu shi da mai askin har shayinsu ya huce.

Mai askin mutumin Kumasi ne, ɗan zango. Wanzam kowa yake ce masa. Ba shi da shago, da jakarsa yake bin gidajen mutanenmu daga Woolwich har Lewisham. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, ni ma "ka" yake ce mini, har na saba. Ya shigo ƙasar nan tun 'yarmu tana rarrafe, yanzu ga ta tana aiki a kantin magani, amma har lokacin bai samu takardun zama ba. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Akwai alkawari tsakaninsu: duk wanda ya riga, ɗayan ne zai yi masa wanka. Ba a ɓoye suka yi shi ba. Duk sanda injin ya ciji kunnen maigidan sai in ji shi daga falo yana cewa, "Bi a hankali, Wanzam. Kan nan kai za ka wanke shi, kada ka tarar da aikinka ka ji kunya."

Kafin in faɗi abin da ya faru ranar, sai na faɗi wata tambaya da maigidan ya yi ta yawo da ita shekara da shekaru.

Wata safiya, tun yana tuƙin bas, ya bi ta kasuwa ya tarar 'yan sanda sun tsaya a bakin wani layi, 'yan shige da fice kuma sun shiga shagon wani mahauci. Suka fito da wani ma'aikacin shagon da muke sayen nama a hannunsa, suka sa shi a mota. Maigidan ya je ofishin 'yan sanda ya tambayi inda aka kai shi. Suka ce ba aikinsu ba ne, su rakiya kawai suka yi don kada a yi rigima. Ya buga waya wajen 'yan shige da fice, suka ce ba za su tattauna maganar wani da shi ba, in kuma yadda aka tare hanya ne ya dame shi, to wannan na 'yan sanda ne. Ya dawo gida ya zauna, tuwo ya huce a gabansa.

Ya ce, "Wani ya riƙe ƙofa, wani ya shiga ya ɗauki mutum, kuma kowa ya ce ba shi ba ne."

Daga nan ya fara zuwa taron da 'yan sandan unguwa suke yi da mazauna, a wani ɗaki na laburaren ƙaramar hukuma. Da babbar riga yake zuwa. Mutane su yi ƙorafin satar keke, da kashin kare a bakin hanya, da samarin da suke zama a matakala. Idan an gama sai ya ɗaga hannu.

"Idan kuka raka su, aikin wa kuke yi, naku ko nasu? In kuma an yi ba daidai ba, wa za mu tambaya?"

Kullum a rubuta, a gode masa, a ce za a dawo masa da amsa. Aka yi ta canja 'yan sanda, shi bai canja ko kalma ɗaya ba. Ni nakan ce masa biskit ɗin da ake rabawa ne yake kai shi. Ya ce in haka ne ai da ya daina, don biskit ɗin ma ya lalace. Wanzam ba ya kusantar wurin. A tashar bas ta tsallaken titi yake jira, in an tashi maigidan ya kai masa labari da biskit ɗaya a aljihu.

Cikin 'yan sandan akwai wani dogo da ya daɗe a unguwar fiye da sauran. Amsa dai bai ba shi ba, don ya ce ba a matsayinsa take ba, amma yakan tsaya bayan taro su yi hira. Maigidan ya ɗauke shi ɗalibi. Ya koya masa cire takalmi a ƙofa, da kada ya miƙa wa matan mutane hannu. Ya ce masa, "In ka zo ƙofar Bahaushe ka dake ta da ƙarfi, ta taga zai fita ko da ba shi da laifi. Ka yi sallama." Ya yi ta maimaita masa har bakinsa ya kama.

Ni ma an ba ni nawa darasin. Maigidan ya ce in suka zo ba ya nan, kafin komai in tambaye su aikin wa suka zo yi. Na ce a gidan da aka haife ni ba a tambayar baƙo sai ya sha ruwa. Ya ce tambaya tukuna. Na ce ruwa tukuna. Mun yi wannan musu ya fi a ƙirga, ba wanda ya ci.

To, ranar Alhamis ɗin wayata ta yi ƙara, na ga lambar maigidan, na ɗauka na ji muryar Wanzam.

"Hajiya, ka zo gida. Ka zo yanzu."

Na bar kuɓewar a kan tebur. Da na isa na tarar da ma'aikatan motar asibiti suna naɗe kayansu. Wanzam ne ya kira su, shi ne kuma ya yi ta danna masa ƙirji yadda matar da ke wayar ta ce, har suka zo. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Yana kwance a ƙasan kicin, an rufe shi da zanen askin. Abin da na ji a lokacin zan bar shi a inda yake.

Kafin su tafi, macen cikinsu ta ce kada a motsa shi, 'yan sanda za su zo. Ta ce haka ake yi duk sanda mutum ya rasu a gida ba zato, ba wai ana zargin kowa ba ne.

Kafin azahar gida ya cika. Takalma sun yi layi tun daga ƙofarmu har ƙofar maƙwabta. Maza a falo, mata a ɗakina, wasu a tsaye a soro. 'Yata ta zo da rigar aikinta. Alhajin da ke zaune a hawa na sama ma ya sauko. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne daga Kano, kuma ko suna ne ko biki ko rasuwa, in yana wurin shi ne shugaba, ba sai an naɗa shi ba. Da ya ji maganar 'yan sanda sai ya nufi Wanzam, wanda yake zaune a ƙasa a bakin kicin da jakarsa a cinya.

"Tashi ka tafi. Yanzu-yanzu."

"Ina zan je, Alhaji? Ban gama ba."

"Me za ka gama? Mutum ya rasu!"

"Shi ya sa. Ni zan wanke shi."

"In suka tafi da kai, daga jirgi za ka wanke shi?"

Wanzam bai motsa ba. Ana cikin haka wani da ke bakin taga ya ce ga su nan. Matakala ɗaya ce a ginin namu, ba ta inda zai fita. Alhaji ya duba hagu ya duba dama, ya buɗe 'yar ma'ajiyar da ke soro, inda injin ɗumama ruwa yake da buhun shinkafa da jarkar manja, ya tura Wanzam ciki da jakarsa ya rufe. Sannan ya juyo ya ɗaga yatsa.

"Kowa ya yi shiru. Ko tari ban yarda ba. Ni zan yi magana, na san yadda ake bi da su."

Ƙofa a buɗe take, kamar kowane gidan makoki. Muna kallo dogon nan ya iso, da wata 'yar sanda matashiya a bayansa. Daga baya ya gaya mana adireshin ya ji an faɗa, ya gane gidan, ya ce shi zai zo. Ya durƙusa ya kwance igiyar takalminsa. Takalman nasu ba sa fita da sauri, muka tsaya muna kallon ɗan sanda yana kokawa da igiya. Ya jera su kusa da na mutane, ya cire hula ya saƙale a hammata, ya miƙe tsaye cikin safa.

"Salamu alaikum."

Shiru.

A gidan nan akwai na'ibin limaminmu, akwai mahaddata biyu, akwai alhazai da hajiyoyi. Ba wanda ya buɗe baki. An ce a yi shiru, kowa yana jiran Alhaji, shi kuwa Alhaji ya shirya wa Turanci ne, bai shirya wa wannan ba. Ni ma Alhaji na tsaya jira.

Dogon ya ɗauka bai faɗa daidai ba. Ya gyara murya ya sake, a hankali, kamar mai karanta allo. Shiru. Fuskarsa ta yi ja. Ya faɗa ta uku.

Sai daga cikin ma'ajiya, ta bayan ƙofa, murya ta fito sarai:

"Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu."

Dogon ya kalli ƙofar ma'ajiyar. Ya kalle mu. 'Yar sandar ma ta kalli ƙofar. Alhaji ya yi tarin da ya hana kowa, ya ce da Turanci, "Rediyo ne."

Daga ɗakina na jiyo wata ta toshe baki da mayafi, ban sani ba ko kuka take ko wani abin. Dogon bai taɓa ƙofar ba. Ya wuce ta kamar bai ji komai ba, ya zo gabana ya ɗan sunkuya, hannunsa a ƙirji, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ya shiga kicin ya durƙusa, ya ɗaga zanen. Ya daɗe a durƙushe, fiye da yadda aiki yake buƙata. Na lura da wannan, kuma ban manta ba.

Da ya fito ya ce akwai tambayoyi kaɗan, in zan iya. Ya ce in faɗa masa cikakken sunan mamacin.

Na sunkuyar da kai. Tun ranar da aka kawo ni gidansa ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma ranar da yake kwance a ƙasa zan fara ba. Ko a nan ba zan rubuta shi ba. 'Yata ta faɗa musu, ta kuma yi bayani da Turanci cewa mahaifiyarta ba ta faɗin sunan miji. 'Yar sandar ta dakata da rubutu.

"Ko sau ɗaya? To in za ki kira shi me kike cewa?"

Na ce, "Ina cewa, ka ji."

"Yana amsawa?"

"In ya ga dama."

Dogon ya yi murmushi kaɗan, ya ce wannan ya sani. Sannan ya zo kan maganar da muke tsoro. Ya ce ya ga an yi rabin aski, ga injin a ƙasa, kuma namiji ne ya kira motar asibiti. Yana buƙatar wanda yake tare da shi lokacin da abin ya faru, ya faɗi abin da ya gani. Za a kai bayanin ga mai binciken mutuwa, shi zai yanke ko za a ba mu gawa ko sai an ƙara dubawa. Ya ce in ba a samu mai shaida ba, kuma aka ji mutum yana nan ya ɓace, abin zai ja lokaci.

Duk mun gane. Ƙara dubawa na nufin a yanka shi, a ajiye shi a sanyi kwana da kwanaki, mutumin da ko allura sai an lallashe shi. In kuma Wanzam ya fito, sunansa zai shiga hannun hukuma, ba wanda ya san inda zai tsaya.

Alhaji ya tako gaba, ya gyara hannun rigarsa mai sitati.

"Ni ne. Ni nake masa aski."

Dogon ya dube shi daga hula har ƙafa. Ya ce to, ya faɗi yadda aka yi. Alhaji ya fara daga shekarar da suka haɗu, ya bi ta tarihin unguwarsu a Kano, ya shiga maganar yadda aski yake da muhimmanci a al'adarmu. 'Yar sandar ta ɗauko injin da safar hannu ta ce ya nuna mata yadda ake kunna shi. Alhaji ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Ya hura shi. Yatsansa ya faɗa kan maɓallin bisa kuskure, injin ya yi kuka a hannunsa, ya sake shi ya yi baya yana salati.

Dogon ya ce a hankali, "Alhaji, ban rubuta komai ba tukuna. Kada ka sa kanka a abin da ba naka ba."

Alhaji ya koma gefe. Dogon ya ce to a faɗa masa sunan mai askin kawai. Muka kalli juna. Na'ibi ya ce Wanzam. Aka ce masa wannan sana'a ce. Wani ya ce yana jin ya taɓa jin ana kiransa da wani suna a masallaci, wani ya ce a'a, wannan ƙaninsa ne da ya koma. Mutumin nan ya ci abinci a kowane gida da ke wurin, ya aske jariranmu ranar suna, amma ba wanda ya san sunansa na yanka. Ba a tambayar babban mutum sunansa. 'Yar sandar ta dube mu irin kallon da ake yi wa waɗanda suka haɗa baki, alhali a duk ranar wannan ce gaskiya ta farko da muka faɗa mata gaba ɗaya.

A nan na tuna ban ba baƙi ruwa ba. Na ce wa 'yata ta kawo. Ta ce, "Mum, yanzu?" Na ce yanzu. Na ɗauki kofin na miƙa wa dogon, ya kama. Sai na ji hannuna ya ƙi saki. Shi yana riƙe da gefe, ni ina riƙe da gefe. Na ɗaga ido na dube shi, na yi masa tambayar da Turancina irin na kasuwa.

"Aikin wa ka zo yi? Naku ko nasu? In an tafi da mutum, wa zan tambaya?"

Ya san tambayar. Ya ji ta sau da yawa daga wani bakin. Har lokacin muna riƙe da kofin.

Ya ce, "Na zo ne kan rasuwar mijinki, ba wanda ya aiko ni neman kowa. Ban zo tambayar takardar kowa ba, ba kuma zan tambaya ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Duk wanda ya ba da shaida sunansa zai shiga rahoto, rahoton kuma ba a aljihuna yake zama ba. Abin da zan yi da hannuna zan iya yi miki alkawarinsa. Abin da wani zai yi a wani ofis ba zan iya ba."

"To wa zan tambaya?"

Ya nuna lambar da ke kafaɗarsa, ya nuna kyamarar da ke ƙirjinsa, ya ce tana ɗaukar duk abin da ya faɗa. Ya ce in ya saɓa, in kai ƙararsa da wannan lamba. Ya ce abin da ya wuce shi kuwa, mijina ya tambaya shekara da shekaru, shi ma ya tura tambayar sama, bai samu abin da zai kawo masa ba.

Na saki kofin. Ba don amsar ta ishe ni ba. Hannuna ne ya gaji, kuma na ga iyakar abin da yake da shi ke nan. Ban ce a buɗe ma'ajiya ba. Ba ni da ikon in sayi jana'izar mijina da zaman wani a ƙasar nan.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofar daga ciki.

"Hajiya, ka buɗe. Zafi ya yi yawa."

'Yata ta buɗe. Wanzam ya fito sharkaf da gumi, manja a gwiwar wandonsa, jaka a hammata. Bai fara da 'yan sanda ba. Falo ya juya ya fuskanci na'ibi da mahaddata.

"Sau uku mutum ya yi sallama. Sau uku! Ku da kuke karantar da mu in ɗaya ya amsa ya ɗauke wa kowa, in ba wanda ya amsa duka an yi laifi. Na jira, na jira. Gidan makoki guda ya kwashi zunubi ina ji?"

Na'ibi ya ce, "Alhaji ne ya ce a yi shiru."

Alhaji ya ce, "Ni ban ce har da sallama ba."

Wanzam ya juyo wurin dogon ya ce da Turanci, "Ni ne mai askin. Rubuta."

Na ce masa da Hausa, "Ka ji abin da ya ce. Bai yi alkawarin komai ba."

"Na ji, Hajiya. Ƙofar ba ta da kauri. Amma ba za a yanka shi saboda ni ba."

Suka zauna a bakin kicin, 'yar sandar tana rubutu. Wanzam ya ce sun sha shayi, maigidan yana lafiya, yana ta tsiya cewa injin ya dushe, tun zamanin Turawan mulki ake aski da shi. Ya gama gefen dama, ya zagayo, sai kan ya karkata. Ya ce masa ya daidaita kai. Ya sake faɗa. Daga nan dogon ya miƙa wa Wanzam ruwan da na ba shi, wanda shi bai ko sha ba.

Da aka zo kan suna, gidan gaba ɗaya ya miƙo wuya. Har matan ɗakina suka leƙo. Ya faɗa, suna uku a jere. Alhaji ya ce, "Ikon Allah. Ashe sunan mahaifina gare ka." Aka tambayi inda yake kwana, ya faɗi na gaskiya, Alhaji ya rufe ido. Ba a tambaye shi takarda ba. Da suka gama dogon ya gode masa, ya ce ya yi duk abin da ya kamata a yi wa mutum. Sannan ya koma ƙofa ya sake kokawa da igiyar takalmi, muna tsaye muna kallo, don ba a barin baƙo shi kaɗai a bakin ƙofa.

Da yamma aka zo aka ɗauki gawar maigidan.

Kwanakin da suka biyo baya jira biyu muka yi. Muna jiran waya daga ofishin mai bincike, muna kuma jiran abin da ba mu so. Duk farar mota irin ta 'yan shige da fice da ta tsaya a ƙasa sai wani ya je taga. An ce wa Wanzam ya koma Lewisham wurin 'yan garinsu, ya ƙi. Ya ce in an kira a ce a zo a yi wanka, kada a neme shi a rasa. Kullum da safe yana falonmu cikin masu karɓar gaisuwa, jakarsa tsakanin ƙafafunsa.

Likitan maigidan ya tabbatar da ciwon zuciyar da ya daɗe yana duba shi a kai, aka haɗa da bayanin Wanzam, aka ba mu shi ba a taɓa jikinsa ba. A ɗakin wankan gawa na masallaci Wanzam ya cika alkawari. An gaya mini ya je da injinsa, liman ya ce ba a yi wa mamaci aski, ya roƙa, liman ya ce a'a.

Bayan sun dawo daga maƙabarta ya zo ya tsaya a bakin ɗakina, ya ba ƙofa gefe, ya yi sallama. Wannan karon mata wajen goma suka amsa a tare.

"Hajiya, na wanke shi. Da hannuna, daga farko har ƙarshe. Na sa shi a rami."

Na ce Allah Ya saka masa da alheri.

Bai tafi ba. Ya ce, "Abu ɗaya ne. A gefen dama ake kwantar da mutum. Gefen da na gama shi ne a ƙasa. Wanda ban taɓa ba shi ne a sama." Ya share fuska da hularsa. "Duk wanda ya zo masa, abin da zai fara gani ke nan. Kuma na san shi, zai faɗi wanda ya yi."

Wannan ce dariyar farko da na yi, kuma da ita hawayen da suka ƙi zuwa tun ranar Alhamis suka zo.

Har yau ba wanda ya zo neman Wanzam. Ban sani ba ko wata doka ce ta kare shi, ko dogon ne ya yi wani abu, ko kuwa rahoton yana wani wuri ne ba a kai gare shi ba tukuna. Ba kuma wanda zan tambaya. Dogon an mai da shi wata unguwa kafin in fita takaba, ya tafi da lambarsa a kafaɗa.

Da na fita, na nemi ranar taron laburare na je. Sababbin fuskoki ne a gaba. Aka yi maganar keke, aka yi maganar kare. Da aka ce akwai mai sauran magana, na ɗaga hannu na faɗi tambayar yadda yake faɗinta. Wata tsohuwa Baturiya da ke gaba ta juyo da sauri, ta dube ni, ta dubi kujerar da ke kusa da ni. Ɗan sandan ya rubuta, ya gode mini, ya ce za a dawo mini da amsa.

Biskit ɗin da gaske ya lalace. Na ɗauki ɗaya na naɗe a gefen mayafi, na tsallaka titi. Wanzam yana tashar bas da jakarsa.

"Hajiya, me suka ce?"

Na ce, "Sun rubuta."

Ya karɓi biskit ɗin ya duba gaba da baya, ya sa a aljihu. Ya tambaye ni yaushe ne taro na gaba.